DAGA BATSARI ZUWA MARAƊI: Neman Faransanci Da Aljihun Talaka

Duk wanda ya san yammacin Jihar Katsina ya san mutumin Batsari bai ɗauki Maraɗi a matsayin ƙasar waje ba. Mutumin Safana ma haka. Can ake kai amarya, can ake zuwa gaisuwar mutuwa, can wani yake da goggo, wani yake da abokin ciniki tun na kakansa. Amma a takarda ƙasar waje ce sosai da sosai: tutarta daban, kuɗinta daban, harshen ofisoshinta ma daban. To wannan na ƙarshen shi ne yake sa wasu samari, ɗai-ɗai da su, su ɗaure jaka su tsallaka. Faransanci suke nema, kuma yawancinsu ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne. Akuyar inna aka sayar, ko buhun wake, aka damƙa masu kuɗin aka ce Allah ya ba da sa'a.

Mai karatu zai ce, ina ruwan mujallar fim da wannan? Akwai ruwanta. Ƙasashe huɗu ne suka yi iyaka da Nijeriya ta ƙasa, wato Nijar, Chadi, Kamaru da Benin, kuma dukkansu da Faransanci ake aikin ofis. A dukkansu kuma ana kallon finafinan Hausa kamar a ci babu. Za mu dawo kan wannan. Bari dai mu fara daga gida.

ƘASAR RUMA DA TA YARIMA

Batsari ita ce mazaunin Sarkin Ruman Katsina, Safana kuma ta Yariman Katsina. Ƙasa ce ta noma da kiwo: gero, dawa, wake, rogo, dankali. Ranar Alhamis in kasuwar Batsari ta cika, sai ka rasa inda za ka ajiye ƙafa. Daga yamma kuma ga Dajin Rugu ya miƙe, ya bi ta bayan Batsari da Safana da Ɗanmusa har ya shige Zamfara.

Tsakanin wannan ƙasa da Maraɗi akwai tsohon labari. Da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, Ummarun Dallaje ya hau sarauta, zuriyar tsofaffin sarakunan sai suka yi arewa. 'Yan shekaru bayan haka Ɗankasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi, shi ya sa har gobe sarkin can ake ce masa Sarkin Katsinan Maraɗi. Daga nan aka shiga kai wa juna hari shekara da shekaru. Ruma tana cikin garuruwan da suka tsaya a bakin daga, kuma sunan Ɗanwaire, jarumin Ruma, bai ɓace a bakin tsofaffi ba, kamar yadda sunan Ɗanbaskore bai ɓace a Maraɗi ba. Hanyar da kakanni suka bi da dawaki da masu, ita jikoki suke bi yau da littafi da biro.

Abin takaici, dajin bai huta ba. Shekarun nan 'yan bindiga sun hana mutanen yankin sakat. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana da Jibiya, aka yi watanni ba kira ba saƙo. Gonakin da ke nesa da gari sun gagari masu su, makarantun ƙauyuka da yawa sun zama kufai, dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato sun tsallaka yankin Maraɗi gudun hijira tun daga 2019. A 2025 an yi zaman sulhu a Jibiya da Batsari da Safana, aka ɗan samu sarari, kowa yana addu'ar Allah ya sa ya ɗore.

Saurayin da ya gama sakandare a irin wannan hali, gonar babansa ba ta nomuwa, aikin gwamnati kuma sai mai uwa a gindin murhu, dole ya yi tunanin wata sana'ar da ba a sacewa a daji. Harshe yana cikin irin waɗannan. Ba a kore shi kamar shanu, ba a ƙone shi kamar rumbu.

Wani zai ce ai ana koyar da Faransanci a makarantunmu. A takarda haka ne. Tun a 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, aka kuma sa shi cikin darussan ƙaramar sakandare. Amma je ka makarantar ƙauye ka nemi malamin. Ɗaliban jami'a masu karanta Faransanci su ana tura su Ƙauyen Faransanci na Badagiri, can Legas, wanda aka kafa a 1991. Ɗan Safana da ba shi da gurbin jami'a, Badagiri ta yi masa nisa, Faransa kuwa ko a mafarki. Maraɗi ce a bakin ƙofa.

HANYA DA CANJI

Akwai hanyar da ta tashi daga Batsari kai-tsaye zuwa Jibiya, amma saboda halin da ake ciki, da yawa sun fi son su zagayo ta Katsina: a shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka, a fita ta Ƙofar Guga. Ɗan Safana kuma ya biyo ta Dutsin-ma. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, sai dai shingayen da ke kan hanyar Jibiya sukan mai da gajeriyar tafiya doguwa. A Magama ake sallama da Nijeriya, a Ɗan Isa ake yi wa Nijar sallama. Daga nan sai ka fara ganin allunan hanya da rubutun da ba ka iya karantawa, ga jandarmomi, ga ma'aikatan duwan, wato kwastan ɗinsu.

Ita wannan iyaka ba kullum take a buɗe ba, kuma mai shirin tafiya ya kamata ya san haka. An rufe ta a Agustan 2019, ta Jibiya ba ta buɗe ba sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame ta, sai a Maris na 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Ƙasashen uku sun ce 'yan Afirka ta Yamma za su ci gaba da shiga ba biza, amma mai hankali ba ya tafiya ba fasfo, ba katin rigakafi, kuma yakan tambayi direbobin hanya abin da ake nema a wannan makon. Matambayi ba ya ɓata.

Darasin farko a wurin 'yan canji ake ɗaukar sa, kuma darasi ne mai ɗaci. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, Yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, ba ta motsi. Naira ce ke motsi, kuma ƙasa take yi. A 2014 jaka guda ta sefa, wato sefa 1,000, ba ta kai naira 400 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Da can ɗan Nijeriya yakan shiga Maraɗi yana taƙama, yanzu kuwa sai ya miƙa damin naira a ba shi 'yan takardu ƙalilan, ya tsaya yana kallon su kamar an yi masa rufa-ido.

Darasi na biyu shi ne dala. A kasuwar Nijar ba a ƙirga sefa ɗai-ɗai da Hausa, da dala ake yi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Mai ƙosai ta ce maka dala ashirin, sefa 100 take nufi. Dala ɗari, 500 kenan. Dala ɗari biyu ita ce jaka. Baƙon da bai san haka ba, ko dai ya ga kaya sun yi arha ya yi ta murna a banza, ko kuma a yi masa dariya a bainar jama'a.

TARKON MARAƊI

Maraɗi gari ne mai daɗin zama ga Bakatsine. Tsohon garin a kwari yake, gefen gulbi, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hau tudu aka yanka sabbin unguwanni da tituna a miƙe. Garin Alhazai ne, 'yan kasuwar da suka yi arziki da gyaɗa da fatauci tsakaninsu da Kano da Katsina. Ga Unguwar Zariya, ga Sabon Gari, ga Ali Ɗan Tsoho, ga Bagalam. Litinin da Juma'a kasuwa takan cika maƙil. Masallaci iri ɗaya da na gida, tuwo iri ɗaya, fura ma wasu sun ce ta fi ta gida. A shagon mai tura finafinai a waya, fuskokin da ka baro a Batsari su za ka tarar: Ali Nuhu, Adam A. Zango, Hadiza Gabon. Ita kanta mawaƙiya Fati Nijar ai 'yar Maraɗi ce.

To a nan tarkon yake. Garin da ya fi sauƙin kuɗi ga mai neman Faransanci, shi ne kuma garin da mutum zai wuni ya kwana, ya yi wata shida, bai buƙaci kalma ɗaya ta Faransanci ba. Ɗan kabu-kabu Hausa zai yi maka. Mai butiki Hausa. Mai gidan haya Hausa. Jandarman da ya tare ka da Faransanci ma, da ya ga ka daburce sai ya juye Hausa ya sallame ka. Ɗaliban Nijeriya da yawa suna zuwa Jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a garin a 2013, kuma da yake da Ingilishi suke karatu, mutum zai iya gama digirinsa ya dawo gida bai wuce gaisuwa ba.

Akwai wani ƙaramin tarkon a cikin babban. Hausar Nijar cike take da kalmomin aro: lakwal ita ce makaranta, mushe shi ne malamin boko, bik shi ne biro, kaye shi ne littafin rubutu. Sati biyu ya isa baƙo ya kwashe su. Sai ya fara jefa su a magana, ya ji a ransa ai ya kama hanya. Bai kama komai ba, Hausa ce dai yake yi da wata hula. Araha ba ta ado. Wanda ya zauna cikin 'yan uwansa don ya ji daɗi, kuɗin akuyar inna yake ci a banza.

LISSAFIN ALJIHU

Masu wayo tun daga ɗaki suke fara lissafi. Ɗaki ɗaya mutum uku ko huɗu, a raba haya da kuɗin wuta da na ruwa, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne da wa za a raba. Ɗan Batsari ya haɗu da ɗan Jibiya da ɗan Kurfi, an yi asara, don hirar gida za a kwana ana yi. Gara ya nemi ɗaliban Jami'ar Ɗandikko Ɗankulodo, ta gwamnati, wadda ake karatu da Faransanci, musamman waɗanda suka zo daga nesa: Bazabarme daga Tillaberi, ko ɗan Chadi, ko ɗan Benin. Da irin waɗannan, ko gishiri za ka ara sai ka nemo sunansa da Faransanci. Kuɗin hayar ɗaya ne, amma ɗayan ɗakin makaranta ce.

Sai abinci. Guzurin gida shi ne jari: garin rogo, ƙuli-ƙuli, yaji, kuka, daddawa, ɗan man gyaɗa a galan. Duk abin da aka sayo da naira a kasuwar Batsari ya fi wanda za a saya da sefa sauƙi. Tukunya ɗaya, kurfoti ɗaya, a yi karo-karon gawayi, yau wannan ya dafa gobe wancan. Ranar da aka gaji, ga dambu da zogale a bakin titi, ga shinkafa da wake, ga fura, duk abincin talaka ne mai riƙe ciki. Mai shayi da dogon burodinsu na Faransawa da wainar ƙwai, wannan sai ranar da aka yi baƙo ko aka ci jarrabawa. Kilishi kuwa a bar shi sai za a koma gida, a yi tsaraba.

Kabu-kabu yana cin kuɗi a hankali ba ka sani ba, dala kaza da safe, dala kaza da yamma, kafin wata ya ƙare an yi jaka da yawa. Ƙafa ba ta cin mai, kuma mai tafiya a ƙasa shi ke karanta alluna: na kantin magani, na gidan burodi, na makaranta, na ofishin magajin gari. Kowane allo darasi ne kyauta. Waya ma haka. A sayi layin can, Airtel ko Moov ko Zamani, a daina kiran gida kullum, a ware rana ɗaya a mako. Data kuma in ta tafi a kallon rawa da barkwanci, to an ci amanar akuya.

Abu ɗaya ne ba a taɓawa ko ana yunwa: kuɗin ko-ta-kwana. Zafin Afrilu da Mayu a Maraɗi ba wasa ba ne, damina kuma tana zuwa da zazzaɓin sauro. Kuɗin magani da kuɗin motar komawa gida a ƙulle su daban. Wanda ya ga yadda aka rufe iyaka dare ɗaya a 2023, har Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Inda ya kamata kuɗi ya tafi ba tare da ƙyashi ba shi ne wurin mushe. Malaman firamare da na sakandare da yawa suna koyarwa da yamma don su ƙara a kan albashi. Mutum huɗu ko biyar su haɗu su ɗauki ɗaya, a yi ciniki da wata. Sharaɗi ɗaya za a kafa masa tun ranar farko: mushe, don Allah ko mun yi kuka kada ka yi mana Hausa.

MAKARANTAR DA BA A BIYA

Abin da muke kira majalisa, a Nijar fada ake ce masa. Samari su shimfiɗa tabarma ko su jera benci a ƙofar gida, a ɗora ɗan buta a kan gawayi, a yi shayi zagaye uku, hira har dare. Fadar 'yan kasuwa Hausa ce zalla. Fadar ɗalibai kuwa, musamman in gardamar ƙwallo ko ta siyasa ta yi zafi, sai ka ji an koma Faransanci ba a sani ba. Nan baƙo zai kai kansa, ya sayi sukari sau ɗaya a mako, ya zauna ya buɗe kunne. Za a yi masa dariya ranar da ya fara buɗe baki. Dole ne. Kunya ita ce abu mafi tsada da mai koyon harshe yake ɗauke da shi, gara ya kashe ta tun da wuri.

Rediyo da talabijin ma malamai ne. Gidajen gwamnati, Voix du Sahel da Télé Sahel, suna karanta labarai da Faransanci, su kuma karanta da Hausa. Dabarar ita ce ka fara jin na Hausa ka san abin da ya faru, sannan ka saurari na Faransanci kana tsintar kalmomi. Gidan rediyon Faransa, RFI, yana da shirin labarai cikin sauƙaƙƙen Faransanci don masu koyo, amma tun Agustan 2023 aka dakatar da tashar a Nijar, don haka masu so sukan sauke shirin a waya tun daga gida. A kasuwa kuma akwai masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Littafin 'yan firamare shi ne na farkon saye, irin su Mamadou et Bineta da iyayensu suka karanta. Gemu ba ya hana karatun 'yan aji ɗaya.

Sai kuma fim, wanda shi ne namu. Matasan Hausa nawa ne suka iya Indiyanci ba su taɓa taka Indiya ba? Rahama Sadau ma ai an san ta da shi. Abin da fim ɗin Indiya ya yi, na Faransanci ma zai yi. A tashoshin da ake kamawa a Nijar, finafinan Amurka da na Indiya da dogayen wasannin soyayya na Meziko da Barazil duk an juye su zuwa Faransanci. Sirrin shi ne ka nemi fim ɗin da ka riga ka haddace, wanda ka san abin da jarumi zai ce kafin ya ce, ka kalle shi da sabon harshe sau uku, sau huɗu. Labarin ka san shi, kunne kawai ya rage ya yi aiki.

Kuma Bahaushe yana da sa'ar da Bature ɗan Ingila ba shi da ita. A Faransanci kowane suna ko namiji ne ko mace, abin da ke ba masu Ingilishi ciwon kai. Mu kuwa da shi muka tashi: riga ta yage, wando ya yage. Sai dai a yi hattara, ba kullum suke dacewa ba. Rana a wurinmu mace ce, a wurinsu namiji. Wata a wurinmu namiji ne, a wurinsu mace. Haka kuma yadda yaro mai tarbiyya yake ce wa dattijo ku maimakon kai, su ma suna da vous ta girmamawa da tu ta tsara. Inda ake shan wuya shi ne ƙirga. Saba'in a wurinsu sittin da goma ce, tamanin kuma ashirin sau huɗu, casa'in da tara kuwa ashirin sau huɗu da goma sha tara. Maganinta kasuwa: duk farashin da aka faɗa maka da dala, ka ninka biyar a ka, ka faɗa wa kanka da Faransanci kafin ka zaro kuɗi.

WANDA YA SAMU HALI, YAMAI

In an yi wata biyar ko shida kunne ya buɗe, mai sauran kuɗi yakan ƙara gaba. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, a manyan motocin safa irin na Rimbo, ta Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Yamai ta fi tsada nesa ba kusa ba, musamman haya. Amma a can Zabarmanci ne ya fi yawa a unguwanni, ga baƙi daga Togo da Benin da Kodebuwa, don haka Faransanci yakan zama dole sau da yawa a rana, ko da yake a kasuwannin Katako da Wadata Hausa ba ta barin mutum ya ɓata. A ƙetaren Gadar Kennedy kuma ga Jami'ar Abdu Mumuni da dubban ɗalibanta.

Ga mai son fim, Yamai wurin ziyara ce, don tarihin da yawancin 'yan kallonmu ba su sani ba yana can. Tun kafin a yi mafarkin kaset ɗin bidiyo a Kano, 'yan Nijar suna yin fim na silima. Oumarou Ganda, wanda ya fara a hannun Bafaranshen nan Jean Rouch, shi ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Ya rasu a 1981, kuma akwai cibiyar al'adu mai sunansa a birnin. Shi Rouch a Nijar ya mutu, a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. A 1987 kuma fim ɗin Sarraounia na Med Hondo, labarin sarauniyar Lugu da ta yi tsayayya da sojojin Faransa a 1899, shi ya ci wannan kyauta. Tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar, mai ɗakin karatu da wurin nuna fim, a Oktoban 2024 aka sauya mata suna zuwa na Moustapha Alassane, wani gwarzon darakta da ya rasu a 2015.

Shi Moustapha Alassane yana da wani fim na 1966, Le Retour d'un aventurier, wanda ya kamata duk mai shirin tafiya ya nema ya kalla. Saurayi ne ya dawo ƙauyensu daga ƙasar waje da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sa huluna da takalma suka hau dawaki suka addabi gari. Kaya ya kawo, bai kawo komai a ka ba. Marigayiya Zalika Souley tana ciki.

TO KO FARANSANCIN YA MUTU?

Tambaya ce da iyaye suke yi, kuma suna da hujja. A Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, sabon kundin da gwamnatin soja ta sa wa hannu kuma ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan abin alfahari ne ga duk Bahaushe. Amma harshen aiki sunansa harshen aiki. Takardar duwan, takardar asibiti, takardar kwangila, da shi ake rubuta su. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara ɗaukar kaya, wanda ya iya Hausa da Ingilishi da Faransanci ba zai nemi aiki ba, aiki ne zai neme shi. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki da 'yan gudun hijira a ɓangarorin biyu ma tafinta suke nema.

A industiri kuma gurbin a buɗe yake. Masu juya finafinan Indiya zuwa Hausa, irin su Algaita, sun nuna wa kowa cewa harshe kuɗi ne. Amma finafinanmu nawa ne ke ɗauke da fassarar Faransanci a ƙasan allo? Na Ingilishin ma mun san yadda ake yi masa dariya. Furodusan da ke son fim ɗinsa ya shiga Yawunde da Abijan da Libarabil, ko ya je FESPACO da ake yi duk bayan shekara biyu, yana buƙatar wanda ya san abin da Bahaushe yake nufi in ya ce "Allah ya kyauta," ya kuma san yadda zai faɗe shi da harshen can. Ɗan Faransa ba zai iya ba. Ɗan Safana da ya sha shayin fada shekara guda zai iya.

Akwai ma waɗanda ransu ba a Faransanci yake ba, a Sifaniyanci yake, saboda Real Madrid da Barcelona da suke kwana kallo a gidan ƙwallo. Su sani cewa harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne, daga Latin suka fito, wanda ya iya ɗaya ya ci rabin hanyar ɗayan. Kuma ba sai an je Madrid ba: Ikwatoriyal Gini, wadda tsofaffin leburorin Nijeriya suke kira Panya, da Sifaniyanci take aiki, kuma akwai Hausawa a Malabo tun da daɗewa. Amma tsani daga ƙasa ake hawan sa, matakin farko kuma yana nan bayan Magama.

Ranar komawa gida, a tashar Batsari ko ta Safana, abokai za su taru su ce to Bafaranshe, yi mana mu ji. Kowa zai iya jefa kalma biyu a yi shewa. Jarrabawar gaskiya tana zuwa daga baya, ranar da wani dattijo zai zo da takardar asibitin Maraɗi ta jikarsa, ko wani ɗan kasuwa ya zo da takardar duwan da aka riƙe masa kaya a kanta, ya ce yaro, karanta mini. Wanda ya karanta ya fassara, inna ba ta yi asarar akuyarta ba.

Allah ya zaunar da ƙasar Ruma da ta Yarima lafiya, ya tsare matafiya, ya sa a dawo da abin da aka je nema. Amin.